Ruwan da Ya Ci Kete Bai Tambayi Asalin Kowa Ba

Duk ɗalibin da ya buɗe ƙamus ya nemi kalmar zango zai tarar da ma'anarta ta farko, wato wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana kafin ya ci gaba da tafiya. A kan wannan ma'ana ce wasu daga cikinmu, mutanen Nima da Maamobi, suka gina wata gurguwar hikima, cewa mu baƙi ne, baƙo kuwa ba ya sa baki a rigimar masu gida. Idan aka ce za a tone kurmin Atewa, sai a ce ai maganar mutanen Akyem ce. Idan aka ce ruwa ya ci Mepe, sai a ce maganar Ewe ce, Allah ya kyauta. Idan kuwa aka ambaci wasu mutane can a Birazil da suka tsaya gaban injiniyoyi don kare koginsu, sai a yi dariya a koma kan shayi. Ina so in yi jayayya da wannan hikima, domin ina ganin kasala ce aka naɗa wa rawani. Wajibi ne a kan mutanen zango su fito su tsaya tare da waɗanda ake cinye wa daji da kogi, da ƙafa da murya, a kan titi inda za a gan su.

Mu fara da tambayar da ba a cika yi ba: me ya kawo kakanninmu wannan ƙasa tun farko? Goro. Fatake sun riƙa tasowa daga Kano da Katsina, a bi ta Borgu har Salaga ta ƙasar Gwanja, tafiyar watanni a bayan jaki, don ɗan itacen da ba ya tsira a ƙasar Hausa. Itacen goro ɗan kurmi ne, yana son inuwa da laima da ruwan sama mai yawa, kuma daga dazuzzukan Tonawa, kamar yadda Hausawa ke kiran mutanen Asante, ake kawo shi kasuwar Salaga. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatake suka bazu, wasu Kete-Krachi, wasu Kumasi, wasu har Akra, wadda iyayenmu ke ce wa Ankara. Ashe ke nan ba don kurmi ba, da babu zango a ƙasar Gana. Wanda ya ce daji ba matsalarsa ba ce, alhali kuwa da goron dajin aka ɗaura auren uwarsa, ya kamata ya sake karatun tarihinsa.

Sa'an nan ga Kete-Krachi, wadda nake so ɗalibai su daɗe a kanta. Garuruwa biyu ne a asali. Krachi ita ce garin 'yan ƙasa, inda wurin tsafin Dente yake, wanda sunansa ya kai har fadar Kumasi. Kete kuwa zango ce, unguwar fatake Musulmi, mai kasuwa da masallaci da makarantun allo. A can Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna bayan barinsa Salaga, ya karantar, ya yi limanci, ya rubuta waƙoƙinsa na Hausa da na Larabci har ya rasu a 1934. Duk wanda ya taɓa nazarin rubutacciyar waƙar Hausa ta farkon ƙarni na ashirin ya ci karo da shi. To ina garin da ya zauna? Yana ƙarƙashin Tafkin Volta. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya taru ya mamaye ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, ya tashi mutum kimanin 80,000 daga ƙauyuka sama da 700, aka tattara su a sabbin matsugunai 52. Ruwan bai tsaya a bakin Kete ya ce waɗannan baƙi ne, ba su cikin lissafi ba. Ya haɗa unguwar liman da garin Dente ya shafe, aka kai kowa tudu.

Wannan shi ne amsata ga masu tsoron kalmar ɗan ƙasa. Na san dalilin tsoron, kuma ba na raina shi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba da umarnin korar baƙin da ba su da takardu, aka ba su mako biyu, kuma zanguna ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa. Har yau akwai matashin da aka haifi kakansa a Nima amma sai an tsare shi da tambayoyi idan ya je neman katin shaida ko fasfo. Kalmar ɗan ƙasa ta sha zama wuƙa a wuyanmu. Amma a lura, kalma ɗaya na iya ɗaukar kaya biyu. Akwai ɗan ƙasan da ke faɗin sunan don ya kori maƙwabci daga kasuwa. Akwai kuma manomin da ke cewa, a nan kakana yake kwance, daga wannan rafi muke sha, kada ku nutsar da mu ba tare da kun tambaye mu ba. Na biyun ba abokin gabarmu ba ne. Hasali ma shi ya fi kowa kama da mu, domin shi ma ana yanke hukunci a kansa a ofishin da bai taɓa shiga ba. Ita kanta Nima a kan ƙasar mutanen Ga take, a farkon shekarun 1930 aka ba Malam Amadu Futa wurin ya zauna da jama'arsa. Mun san daɗin a karɓe ka. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, an san abin da ke kansa.

Za a ce, to kai mai sukar madatsa, da wace wuta kake rubutu? Tambaya ce mai nauyi, kuma duk wanda ya rayu a shekarun dumsor, lokacin da tela da mai walda da mai sayar da ƙanƙara suka yi ta zaman jiran wuta, ba zai yi wasa da ita ba. Nkrumah bai gina Akosombo don mugunta ba, ya yi mafarkin ƙasa mai masana'antu ne. Sai dai a dubi yadda aka raba riba da asara. Babban kaso na wutar ya tafi ga kamfanin Valco na narkar da sanholo a Tema, mallakar Amurkawa a lokacin, a kan farashi mai rahusa na shekaru masu yawa, kuma kamfanin yana shigo da kayan aikinsa daga waje maimakon ya sarrafa ma'adinin Gana. Mutanen da aka tasa kuwa, da yawansu sun shafe shekaru suna kallon tafkin da ke haska birane alhali su suna kunna aci-balbal. Cutar tsargiya ta yaɗu a bakin tafki. Mutanen Tongu na ƙasan madatsa suka rasa ambaliyar shekara-shekara da ke ciyar da gonakinsu da kamun kifinsu, da dama suka yi ƙaura. A watan Satumba na 2023 aka buɗe ƙofofin Akosombo da Kpong don rage ruwa, ambaliya ta shiga Mepe da Battor da Sogakope da maƙwabtansu, ta raba fiye da mutum 26,000 da gidajensu. Jikokin waɗanda suka biya kuɗin wutar a 1965 ne aka sake kai wa takardar bashi. Abin da nake ƙi shi ne wannan tsari na cewa wasu ne kullum za su nutse don wasu su ga haske, kuma ba a taɓa jefa ƙuri'a a kan wa zai nutse ba.

Madatsar Bui ta maimaita darasin a taƙaice. Kamfanin Sinohydro na ƙasar Sin ya gina ta a kan Baƙin Volta, aka buɗe ta a 2013, ta tashi mutum sama da 1,200, ta kuma cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na gandun dajin Bui, mazaunin dorinar ruwa. A zamanin Kufuor aka fara, a zamanin Mahama aka ƙare. Na faɗi haka ne don kada wani ya ɗauki wannan rubutu ya kai ofishin jam'iyya.

Yanzu ga Atewa, inda wutar ke ci a gemun maƙwabci. Tsauni ne mai kurmi kusa da Kyebi a ƙasar Akyem Abuakwa, ɗaya daga cikin dazuzzukan tudu biyu rak irinsa da ƙasar ke da su. Daga cikinsa koguna uku ke fitowa, Densu da Birim da Ayensu, waɗanda mutum fiye da miliyan biyar ke dogaro da su. Densu shi ne ke cika madatsar Weija, kuma ruwan famfon Akra daga Weija da Kpong yake zuwa. A ƙarƙashin wannan kurmi akwai boksait, ma'adinin da ake fitar da sanholo daga cikinsa. A 2018 gwamnati ta ƙulla yarjejeniyar dala biliyan biyu da Sinohydro, a gina hanyoyi da gadoji a biya da abin da aka samu daga boksait, aka kuma kafa hukumar GIADEC don wannan harka. Ya kamata mai karatu ya san yadda ake haƙar boksait. Ba rami ake yi a shiga ƙarƙashi ba, domin ma'adinin a shimfiɗe yake kusa da saman ƙasa. Sai an sare itatuwa ƙaf, an kankare ƙasar sama, sa'an nan a kwashe jar ƙasar da ke biye. Kurmi kuwa kamar soso yake, yana shanye ruwan damina ya riƙa sakinsa a hankali har cikin rani. Idan aka fige soson, damina ta zama ambaliyar laka, rani ya zama ƙishirwa.

Mutanen yankin ba su zauna ba. A watan Maris na 2018 ƙungiyar mazauna kewayen Atewa ta yi tattaki na kwana shida, kimanin kilomita 95, daga bakin dajin har Akra, suka iso a ranar ruwa ta duniya da takardar kokensu. A 2020 ƙungiyar A Rocha Ghana da wasu suka kai gwamnati kotu. Fadar shugaban ƙasa tana Kanda, jifa ɗaya daga Nima. Shugaban wancan lokaci, Nana Akufo-Addo, ɗan gidan Kyebi ne, gidansa na kansa kuma a Nima yake. Wato manoman Akyem sun yi kwana shida suna tafiya zuwa wurin da mu za mu isa kafin shayi ya huce. Muryar zango a wannan gwagwarmaya ta yi ƙasa ƙwarai da abin da ya cancanta, alhali mu ne ke tashi da asuba da jarkoki masu ruwan ɗorawa, waɗanda ake kira galan Kufuor, muna bin layin famfo, mu ne kuma ke ƙirga kuɗin fiya wata kafin mu ƙirga na abinci. Mai gida a East Legon zai haƙa burtsatse ko ya kira tanka. Tsohuwa mai sayar da koko a Maamobi fa?

Ba zan tsallake maganar galamsey ba, ko da yake tana da ɗaci. Haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba ta mayar da Pra da Ankobra da Offin da Birim kamar kunun kanwa. A 2024 kamfanin ruwa na ƙasa ya bayyana cewa kaurin lakar da ke shiga matatar Sekyere Hemang ya kai awo 14,000, alhali an gina ta don 2,000. A 2022 an yi wata doka, L.I. 2462, da ta buɗe ƙofar haƙar ma'adinai a gandun daji. A watan Satumba na 2024 aka kama masu zanga-zanga fiye da hamsin a Akra, a watan Oktoba jama'a suka sake fitowa, har cocin Katolika ta yi tattakin addu'a. A cikin wannan harka akwai 'ya'yanmu. Akwai samarin zango a ramukan, akwai masu sayen zinariya da masu kai kayan aiki, akwai kuma waɗanda ke karɓar sadakarsu ba tare da tambaya ba. Yaron da ke cikin rami da zaiba mai guba a hannunsa ba shi ne babban ɓarawo ba, shi ma ci ake yi da shi, kuma shi ƙasa ke ruftawa a kai. Amma tsayawa tare da mutanen kurmi yana nufin mu iya faɗin wannan a gaban mai kuɗin unguwa, a cikin masallacin da ya yi wa fenti.

Hujja mafi ƙarfi da masu cewa a yi shiru ke da ita ita ce ta jini. Suna cewa idan ɗan boko ya fita zanga-zanga lauya ke jiransa, idan ɗan zango ya fita harsashi ke jiransa. Ba ƙarya suka yi ba. A ranar 29 ga Yuni 2021 sojoji sun buɗe wuta a kan matasa masu zanga-zanga a Ejura, mutum biyu suka mutu. Uwar da ta kulle ƙofa ta hana ɗanta fita tana da dalilinta. Sai dai ina tambaya, waɗannan samari da ake tsoron fitarsu don kogi, ba su ne ake lodawa a motoci duk shekarar zaɓe, a ba su riga da ɗan abin kashewa, a tura su inda ake jifa ba? A nan ba a tuna harsashi. Idan har za mu sa jikinmu a hanya, gara a sa shi don ruwan sha da a sa shi don kujerar wani. Kuma akwai hanyar yi. Tsarin mulkin 1992 ya ba kowa 'yancin taro da jerin gwano, dokar zaman lafiyar jama'a ta 1994 ta ce a sanar da 'yan sanda kwana biyar kafin ranar. Jerin gwanon da limamai da sarakunan zango da iyaye mata ke gabansa, da rana tsaka, kafaɗa da kafaɗa da manoman Akyem da masuntan Tongu, ya fi wuyar harbi, ya kuma fi wuyar a kira shi tarzomar 'yan Nima.

Ɗaliban da ke karanta wannan daga Kano ko Sakkwato kada su ɗauka labarin nesa ne. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, an gina madatsa a kan kogin Sakkwato a shekarun 1970, aka ƙwace gonaki, diyya ta maƙale. Manoma suka tare hanyoyi suna neman haƙƙinsu. A ƙarshen watan Afrilu na 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka harbe mutane, aka ƙona ƙauyuka. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. Waɗannan Hausawa ne, a ƙasar kakanninsu, su ne 'yan ƙasa a can. Madatsar Kainji ta nutsar da tsohuwar Bussa a 1968. Tiga da Challawa sun rage ruwan da ke sauka fadamun Haɗeja da Nguru. Wanda yake baƙo a bakin Volta ɗan ƙasa ne a bakin Rima, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Hukumar duniya da ta yi nazarin madatsu ta ƙiyasta a rahotonta na 2000 cewa mutum miliyan 40 zuwa 80 ne manyan madatsu suka tasa a faɗin duniya.

Ana cewa zanga-zanga ba ta hana komai. Wani lokaci haka ne. A watan Fabrairu na 1989 mutanen Kayapo suka taru a Altamira ta Birazil, inda wata mata mai suna Tuira ta ɗora addarta a kumatun jami'in kamfanin lantarki, hoton ya zagaya duniya, aka jingine aikin madatsar kogin Xingu. Bayan shekaru aka dawo da shi da sunan Belo Monte, aka gama a 2019. Amma a Sarawak ta Maleshiya, mutanen kogin Baram sun tare hanyoyin shiga tun daga Oktoba 2013, suka zauna a shingayensu fiye da shekara biyu, har gwamnatin jihar ta soke madatsar a 2016. A Honduras mutanen Lenca sun tsaya a kan kogin Gualcarque har Sinohydro, wannan dai Sinohydro ta Bui da Atewa, ta janye daga aikin Agua Zarca a 2013. Jagorarsu Berta Cáceres ta biya da ranta, an harbe ta a gidanta a watan Maris na 2016. Abin lura shi ne kamfani ɗaya ne ke aiki a nahiyoyi uku, da bankunansa da lauyoyinsa. Su sun daɗe da haɗa kai. Mutanen da ake tasa ne kaɗai ake gaya wa cewa kowa ya ji da ƙauyensa.

Akwai ladabin wannan tsayuwa, kuma Bahaushe ya san shi tun daga zaman makoki. Idan ka je gaisuwa ba ka ƙwace tabarmar masu gida. Mutanen Atewa suna da ƙungiyarsu da bakinsu, mutanen Mepe suna da sarakunansu da matasansu. Namu shi ne mu tambaye su ranar da suke son ƙafafu, mu kawo ƙafafu, mu bar musu lasifika. Idan ranar zaman kotu ce a cika harabar. Idan tattaki ne ya shigo Akra, a tarye shi da ruwa da waakye, a ba matafiya wurin kwana, domin saukar baƙo ita ce sana'ar da aka san zango da ita tun zamanin madugai. Limamai su ba ruwa huɗuba guda, su ambaci Densu da sunansa, tunda da shi dubban masallata ke alwala. Gidajen rediyo masu shirye-shiryen Hausa su gayyaci manomin Akyem, a fassara masa. Majalisun samari na Nima da Maamobi, inda ake kwana ana gardamar ƙwallon Ingila, su ware dare ɗaya a karanta abin da yarjejeniyar boksait ta ƙunsa. Ku kuma ɗalibai, kuna da aikin da babu mai yi sai ku: a mayar da takardun koke da bayanan kotu zuwa Hausa mai sauƙi, a ɗauka a murya a tura wa iyaye ta waya, domin akasarin wannan magana da Turanci ake yinta, kuma shi ya sa take wuce mu.

Sa'an nan mu dubi babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi. Rafi ce a da. Yanzu leda da shara take kwasa ta kai Odaw, Odaw ta kai tafkin Korle, wanda mutanen Ga ke girmamawa tun kafin a kafa tubalin farko a Nima. A daren 3 ga Yuni 2015 ruwan da ya rasa hanya ya haɗu da man fetur a Circle, fiye da mutum 150 suka mutu. Masuntan Ga na Jamestown da Chorkor suna ƙasan wannan kwata, kamar yadda mu muke ƙasan Atewa. Ranar da za mu fita da allunan kare Densu, wasu daga cikin samarinmu su fara da shebur a bakin kwatar, tun daga gadar Maamobi.